Shirun Ɗakin Sekuru Gwatidzo

Mbare, Harare
6 ga Afrilu, 1998

Tete Marwei,

Yaushe rabonki da ki wuni cur ba wanda ya yi miki musu? Ba wanda ya ce ƙarya kike, ba wanda ya tambaye ki labarin wani, ba wanda ya ba ki haushi ko ya ba ki dariya? Ki yi tunani tukuna. Mahaifinki ya yi wata goma sha huɗu a haka.

Na san kin riga kin ajiye takardar kina cewa yaron nan ba haka kika rene shi ba. To, ga ni na durƙusa ina tafa hannu don gaisuwa. Ina kwana, Tete? Ya Francistown, ya aikin asibiti, ya gwiwar nan taki? Ni ƙalau nake. Cinikin littattafai na tafiya jefi-jefi, sau biyu aka kore mu daga bakin titi a makon jiya, na gudu da buhu a ka kamar wanda ya saci kabewa.

Ranar Lahadi na je gidan yayanki Baba Fanuel a unguwar Waterfalls duba kakana Sekuru. Ki ji abin da na tarar. Ɗaki fes, zanen gado fari, magani a jere, labule a sake. Rediyo a kashe. Sekuru na kishingiɗe ya zuba wa bango ido, hannun daman nan a kan ciki kamar ba nasa ba. Na gaishe shi ya ce, "To, to." Na ce masa an ce ruwa ya cinye gadar garinmu, ya ce, "To, to." Da na ce masa na auri jaka ma haka zai ce.

Na zauna har la'asar ina kallon yadda gidan ke tafiya. Mai Chenai, matar Baba Fanuel, ta shigo a kan gwiwa, ta ajiye sadza, tuwon masaran nan, da miya, ta tafa hannu, kai a ƙasa: "Kun wuni lafiya, Baba?" Ta ja da baya ta fita. Ba na ganin laifinta a nan, suruka ce, ba za ta hau gadon uban mijinta ta zauna tana hira ba. Amma ita kaɗai ce a gidan daga safe zuwa yamma. Yara na makarantar kwana. Baba Fanuel ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ya tambayi ko an sha magani, ya wuce. Na ƙirga, Tete. Kalmomin da ke shiga kunnen tsohon nan a rana ba su kai arba'in ba, kuma jiya ma su ya ji.

Wannan fa mutumin da a garinmu Gutu ba a raba gardamar gona sai ya zauna. Ya san saniyar wa ta haifi saniyar wa. Ya san wadda kakarta ta gudu da wa, da dalilin da gida kaza ba sa cin abincin gida kaza. Gari guda yake ɗauke da shi a ka.

Yanzu ki bar ni in yi abin da kika tsana. Na sayi buhun littattafai a gidan wani likita da zai bar ƙasa, a ciki akwai wani marar bango a kan ƙwaƙwalwa. Na hana kaina sayar da shi. Ya ce abin da ya sa kan ɗan Adam ya yi girma haka, wasu masana na ganin ba farauta ba ce, ba neman abinci ba ne, mutane ne. Riƙe wane ne naka, wane ne ke fushi da kai, me fuskar wane ke nufi da ya ce ba komai. Wannan ne aikin da ya fi ba ta wuya, kuma shi ta fi so. Birai ma waɗanda ke zama da yawa sun fi girman ƙwaƙwalwa. An ware ɓera shi kaɗai a keji mai tsabta da abinci, an bar 'yan'uwansa tare suna kokawa, da aka duba nasa kan ya fi rama. Keji mai tsabta da abinci, Tete! Na karanta wurin nan na tashi tsaye a bakin titi har wata ta zaci kunama ce ta harbe ni.

Ya kuma ce bayan shanyewar ɓarin jiki, wani sashen kan yakan iya koyon aikin wanda ya lalace, in ana matsa masa. Wa ke matsa wa Sekuru? Kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai.

VaMadzore ya zo a watan Satumba, kin sani? Sahwiran Sekuru, abokin wasansa na shekara sittin, mutum ɗaya a duniya da al'ada ta ba shi damar zaginsa. Ya yi sa'a biyar a bas, aka tsayar da shi a bakin ƙofar ƙarfe, aka ba shi shayi a tsaye, aka ce mara lafiya na hutawa. Baba Fanuel yayanki ne, amma ke ce tete, gwaggon gida, maganarki ce ke rufe baki a gidanmu. Ki ce masa ya buɗe ƙofar nan.

Ɗanki mai bakin tsiya,
Takaendesa

Francistown
21 ga Afrilu, 1998

Ɗana Taka,

Na samu takardarka, na ga gaisuwar ma da ka jefo mini a tsakiya kamar ƙashi. Lafiyata lau, gwiwa tana nan da halinta. An mayar da ni ɗakin masu haihuwa, don haka kada ka tambaye ni wanda ke mini musu, jarirai ashirin ke yi mini kullum.

Likita Takaendesa! Shekara ashirin da biyu ina jinya, ashe jira ake ka samo littafin da ba shi da bango ka koya mini aiki. Da ka zauna a makaranta ka daina gyara wa malamai magana a gaban aji, da yanzu farar riga ce a jikinka, ba buhu a ka ba. Amma na ji daɗi kana karatu. Ubanka ma haka yake, Allah ya ji ƙansa, takardar da aka ƙunso masa kifi sai ya karance ta.

Ka saurare ni. Kakanka ba ɓera ba ne. Jininsa ya hau har wata jijiya ta fashe a kansa, kuma wanda abin ya sama sau ɗaya, na biyun na laɓe yana jiransa. Ba ka ga ranar da aka kwantar da shi ba, ni na gani. Duk Lahadi ina buga wa Fanuel waya, yana gaya mini yana ci, yana barci, jikinsa ba gyambo ko ɗaya. Ka san tsofaffi nawa ke samun haka? Kada ka raina wahalar Mai Chenai. Ita ke wanke zanen nan da ka gani fari.

Maganar VaMadzore kuwa, ina son tsohon nan kamar ubana. Amma ka san bakinsa. Ranar jana'izar Mbuya, kakarka, ya ɗaura zanenta yana kwaikwayon tafiyarta har mutane suka faɗi don dariya, wannan aikinsa ne a makoki. A ɗakin mai hawan jini fa? Ka bar shi a Gutu. In na zo a Agusta bikin buɗe dutsen kabarin Mbuya, sai mu duba.

Kada ka yi wa Fanuel rashin kunya. Uba ne a gare ka, ko ba ka so. Na ba direban bas ɗin Juma'a rigar sanyi ya kawo maka, ka sa ta, na san ka da yawo da ƙirji a waje.

Tetenka,
Marwei

Mbare
13 ga Mayu, 1998

Tete,

Ina gaisuwa, da kyau wannan karon. Rigar ta iso, ta yi mini yawa, na gode. Ina fata kina lafiya, don abin da zan faɗa yana buƙatar ki zauna.

Ban ji maganarki ba. Na je Gutu na ɗauko VaMadzore. Ko tambayata bai yi ba, ya ɗauki sandarsa da jakar duwatsun dara ya ce, "Mu je in ga ko gawar ta fara wari."

Ranar Laraba muka je, da hantsi, lokacin da na san Baba Fanuel na ofis. Mai Chenai ta zo bakin ƙofa, ta ga wanda ke bayana, ta dafe ƙirji. Ta ce, "Taka, za ka jawo mini." VaMadzore ya ce, "'Yata, matsa. Kwat ɗin uban mijinki na zo karɓa, an ce ya mutu bai bar wasiyya ba." Ta rasa ta yi dariya ko ta yi kuka, sai ta matsa.

Ya shiga ɗakin ba sallama, ya yaye labule, ya tsaya a kan Sekuru yana leƙa shi da ido ɗayan nan da ya rage masa.

"Gwatidzo! Kai ne nan? Ka samu katifa ka kwanta kana ƙiba kamar aladen mishan, ka bar mini matan garin ni kaɗai? Dubi bakinsa. Da can ma a karkace yake, yanzu dai ya fito fili."

Tete, na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na tuna jijiyar da kika ce. Amma idon Sekuru ya bar bango. Karo na farko da na ga ya bi mutum da kallo.

VaMadzore ya jawo tiren abinci ya kife, ya zana gidaje da alli, ya zuba duwatsu, ya ɗora a kan cinyarsa. "Taɓa da hannun da ya rage maka, ragon banza." Suka fara. Sekuru na turawa da hagu, a hankali, yana kuskure, yana gyarawa. VaMadzore na ta zuba: wane ya mutu, wance ta koma gidan mijinta karo na uku, ɗan wane ya sayar da shanun ubansa ya sayi mota marar inji. Duk sunan da ya ambata sai ka ga fuskar Sekuru ta motsa, wani ya ɗaure, wani ya saki. Gari ne ke tashi a cikin kansa gida-gida, ina kallo.

Can sai VaMadzore ya yi tari, ya sa hannu ya kwashe duwatsun Sekuru uku, a fili, ko ɓoyewa bai yi ba. Hannun hagun nan ya cafke wuyan hannunsa. Bakin ya yi ta rawa, ya yi ta rawa, wuya ya kumbura. Sai ya ce:

"Ɓarawo!"

Ras, kamar yadda yake faɗa a da. VaMadzore bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Wa ya gani? Kana da shaida?" Sekuru ya ce, "Ɓarawo. Kare." Sai ya yi dariya da rabin fuska, miyau na zuba, VaMadzore ya goge masa da hannun rigarsa yana cewa, "Ƙazami, har yanzu ba ka iya cin abinci ba." Na ga hawaye a idon nan nasa ɗaya, ya ce garin taba ne ya shiga.

Littafin ya faɗi wannan ma, zagi da waƙa ba a ɗaki ɗaya suke kwana da sauran magana ba, shi ya sa sukan tsira. VaMadzore ya ja waƙar sussuka, Sekuru ya bi shi baiti guda da kalmominsa. Mai Chenai na durƙushe a bayan ƙofa ta toshe baki da zane.

Ba mu ankara da lokaci ba. Baba Fanuel ya dawo cin abincin rana, abin da bai saba ba. Bai ɗaga murya a gaban tsofaffi ba, ya gaida VaMadzore da ladabi, ya sa aka kai shi tasha. Ni ya ja ni waje. Ya ce in uban nan nasa ya mutu a makon nan, ni na kashe shi. Na ce gara ya mutu yana zagi da ya rayu yana kallon fenti. Na ce masa ya mai da ubansa kayan ado. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Bai mare ni ba. Ya kama hannuna ya kai ni kicin, ya buɗe kabad ɗin magani.

A jikin murfin, daga ciki, akwai takarda an manne, ta yi ja don daɗewa. Ba baƙi. Ba hayaniya. Ba rediyo. Kada a kawo masa labarin gida. Kada a bar abin da zai tayar masa da hankali.

Ya ce, "Karanta, tunda kai ne mai karatu. Ni ban san jinya ba. Abin da aka ce in yi nake yi."

Tete, da wannan rubutun hannun kika koya mini rubuta sunana.

Taka

Mbare
24 ga Yuni, 1998

Tete,

Ina kwana. Mako shida ke nan. Direban bas ya rantse ya ba ki takardata hannu da hannu, don haka kada ki ce gidan waya.

In fushi kike, ki zage ni a rubuce, na saba. In ba ki da lafiya, ki sa wani ya gaya mini. Kullum sai na je tasha kamar mai jiran amarya, har masu sayar da ayaba sun fara yi mini waƙa.

An hana ni shiga gidan. Mai Chenai nake tarewa a kasuwa ranar Asabar. Ta ce jinin Sekuru bai hau ba, nas ta auna. Amma kwana uku bayan tafiyar VaMadzore yana nuna ƙofa yana cewa "Kare, kare," yana nufin a kira masa shi. Da ya ga ba wanda ya zo, ya daina. Yanzu rabin sadza yake ci, ya juya fuska bango. Ko "to, to" ɗin ya rage.

Wannan ne ke hana ni sukuni. Da can bai san abin da ya rasa ba, ni na je na tuna masa na tafi. In abin da na yi ya fi sharri, ki gaya mini, zan ɗauka.

Baba Fanuel ya ce ba zai cire ko layi ɗaya ba sai wadda ta rubuta ta ce. Ya ce kin daina buga waya ma.

Sanyi ya yi tsanani. Ina sa rigar.

Taka

Francistown
5 ga Yuli, 1998

Ɗana,

Lafiyata ƙalau, ka daina zaryar tasha. Ba fushi nake ba. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Ni na rubuta. A barandar asibiti na rubuta, a bayan takardar magani, ranar da za a sallame shi, bas ɗina na shirin tashi. Na mako shida nake nufi, Taka. Mako shida, har jinin ya zauna. Ban rubuta hakan a jiki ba, don a kaina abu ne da kowa ya sani. Na manta ba kowa ne nas ba. Na kuma manta wace ce ni a gidan nan. Fanuel ya girme ni da shekara bakwai, amma tun ranar da aka kawo shanun aurena aka yi masa aure da su, bai taɓa tsallake maganata a kan sha'anin gida ba. Da na rubuta a ba Baba ruwan zafi kawai, da yanzu shi yake sha.

Abin da ya fi ci mini rai, duk Lahadi ina tambaya: ya ci? ya yi barci? ya sha magani? Ban taɓa cewa wa ya zo wurinsa ba. Tambayoyin da nake yi wa marasa lafiyar da ba nawa ba su na yi wa ubana. Kuma a nan, a ɗakin jarirai, ni ce mai faɗa da uwayen da ba sa yi wa 'ya'yansu magana, ina ce musu kan yaro ba ya girma da nono kaɗai.

Akwai kuma tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Mbuya ana tsakiyar hira ta faɗi, da dariya a bakinta. Tun ranar nake ganin kamar shiru ne ke tsare mutum. Da na karanta yadda ya ce ɓarawo, na shiga ɗakin ajiye zannuwa na rufe ƙofa na yi kuka, na yi dariya, wata ƙaramar nas ta zaci an yi mini rasuwa.

Ba ka yi sharri ba. Ka yi rashin kunya, wannan dabam, kuma za ka je ka durƙusa wa Fanuel.

Na buga masa waya jiya. Na ce ya cire takardar, ya kunna rediyo, ya bar VaMadzore ya zo ya kwana biyu, a dai riƙa auna jinin. Ya ce, "To, Tete." Shi ke nan, magana ta ƙare a tsakaninmu. Ba sai an tayar da ita a Gutu ba. Ka bar ni da kunyata, ta ishe ni.

Tetenka da ke sonka duk da bakinka,
Marwei

Mbare
20 ga Yuli, 1998

Tete tawa,

Ina gaisuwa, ina tafi har hannuna ya yi zafi. Takardarki na karanta ta sau uku, ban sayar da ko littafi ɗaya ba ranar.

Albishir tukuna. VaMadzore na gidan kwana tara ke nan, ya ƙi tafiya, ya ce katifar ta karɓe shi. Ya cinye sukarin gidan. Sekuru na da kalma goma sha ɗaya yanzu, Mai Chenai ke ƙirgawa, bakwai daga ciki ba a faɗarsu a coci. Jiya ya ce "Chenai," ya ce "ruwa." Yana cinye sadzarsa don kada VaMadzore ya riga shi. Jini lafiya. Hannun dama dai shiru, kuma maganar ba za ta dawo duka ba, na sani, littafin ma bai yi mini alkawari ba.

Na je na durƙusa wa Baba Fanuel. Ya bar ni a ƙasa har gwiwata ta mutu, sannan ya ce in tashi in daina ɓata masa kafet. Ya tambaye ni littafin. Na ba shi aro, aro na ce.

Yanzu abin da ba za ki so ba. Kin ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, Tete, don ba a tsakaninku ta tsaya ba.

Da na je ɗauko VaMadzore na ji abin da ake faɗa a Gutu, ban gaya miki ba don lokacin ni ma na yarda da rabinsa. Cewa ake Mai Chenai ta kulle uban mijinta. Wai ƙyamar mutanen ƙauye take, kada su taka mata daɓe. Wasu sun wuce nan, sun ce ita ta ɗaure masa harshe don gidan ya zama nata. Kin san yadda irin wannan magana ke zama zargin maita in ta bi bakin rijiya wata goma sha bakwai. Matan da aka mayar daga bakin ƙofa ita suka gani, ba su ga takarda ba. Ba a amsa gaisuwarta a jana'izar da ta je a Maris. Ta sani, ba ta taɓa cewa uffan ba, don suruka ba ta buɗe baki ta ce tete ce ta sa. Ranar Asabar ta ce mini ba za ta je buɗe dutsen Mbuya ba, za ta ce ba ta da lafiya. Matar da ta wanke ubanki wata goma sha bakwai tana tsoron shiga garinsa.

Waya ba za ta wanke wannan ba. A kunnen mutum ɗaya kika yi magana, ƙaryar kuwa tana cikin kai ɗari biyu, kuma kowane kai ya riga ya ajiye ta a inda yake ajiye mayu.

Za a kai Sekuru Gutu a Agusta, Baba Fanuel ya yarda, VaMadzore ya ce shi zai tura keken don ya jefa shi a rami. Kowa zai zo. Bayan an yaye ƙyallen dutsen, lokacin da dangi ke zama a tsakar gida kafin a raba nama, zan miƙe. Na san ba a ba yara magana a wurin, zan miƙe duk da haka. Tambaya ɗaya zan yi, da ƙarfi, yadda matan da ke bakin murhu za su ji: wa ya ce a rufe wa Sekuru ƙofa?

Ba zan kalle ki ba. Ba zan faɗi sunanki ba, ko an matsa mini. In kin yi shiru, zan zauna, a ce yaron Mbare ya sha wani abu, Mai Chenai ta ci gaba da ɗaukar laifinki. Ni kuma ba zan daina sonki ba, ke kika goya ni, ba ni da wata.

Amma ki zo, Tete. Ki sa Mai Chenai ta zauna kusa da ke. In na yi tambayar, ki tashi tsaye a gaban Gutu, a gaban ubanki, ki amsa.

Ɗanki,
Takaendesa